Wane Baƙin Mai Ya Dace da Babur Mai Kulochi Cikin Mai da Babur Mai Ƙafa Huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni manomin shinkafa ne a yankin Dadin Kowa. Bara na sayi babur mai ƙafa huɗu na hannu, ƙirar Yamaha Grizzly, ina zagaya gona da shi, wani lokaci kuma in ɗaura masa ƙaramar tirelar taki. Ina kuma da Boxer wanda ɗana yake shiga Gombe da shi. Watan jiya na yi wa motata juye, galan guda na baƙin mai 5W-30 mai tsada ya yi saura, sai na ce a zuba wa baburan biyu. Tun daga nan, in an ja wa Boxer ɗin totur a hawa sai ya yi ta ƙara amma ba ya ja, mai ƙafa huɗun ma ya fara nauyin tashi idan da kaya. Bakanikenmu ya ce a canza faifan kulochi. Shin man ne ya jawo, ko tsufa ne? Kuma wane mai ya kamata in riƙa saye?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a girbe lafiya. Kafin bakanike ya kwance ko da noti ɗaya, shawarata ita ce a fara juye man da ke cikin injinan nan biyu, domin matsalar da ta bayyana a babura biyu mabambanta cikin wata guda, kuma jim kaɗan bayan an zuba musu mai iri ɗaya, ta isa ta sa a tuhumi man kafin a tuhumi tsufa. Faifan kulochi a hankali yake cinyewa, ba ya haɗa baki da na wani injin su gaji rana ɗaya. Man da ka zuba ba lallai ne jabu ba, wataƙila ma ya fi duk man da Boxer ɗin ya taɓa sha tsada. Laifinsa guda ne: don mota aka haɗa shi, kuma abin da ya sa ya yi wa mota kyau shi ne yake cutar da kulochinka. Garin neman ƙiba aka samo rama.

A mota mai giyar hannu, injin yana da nasa man, giyabos yana da nasa daban, shi kuwa kulochi a bushe yake aiki, ko ɗigon mai ba a son ya taɓa shi. A babur irin Boxer kuwa duk ukun a gida ɗaya suke zaune, kuma man da bai wuce lita ɗaya ba shi ne yake yi musu hidima baki ɗaya. Shi zai shafe fistin da zobbansa da karanshaf, shi zai shiga tsakanin haƙoran giya inda ƙarfe yake danne ƙarfe, sannan shi ne zai jiƙa kulochi ya sanyaya shi. Idan ka taɓa tsayawa bakanike ya buɗe murfin gefen dama na injin, za ka ga faifai a jere cikin kwando, ɗaya mai fata, na kusa da shi ƙarfe zalla, haka har ƙarshe, da sifirin da suke matse su wuri ɗaya. Ƙarfin injin ba ya isa tayar baya sai waɗannan faifan sun kama juna sun riƙe, alhali kuwa a cikin mai suke tsundum. Saboda haka ana neman abu biyu masu kama da kishiyoyi daga mai guda: ya yi santsi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, amma kada santsin ya kai ga hana fata kama ƙarfe. Ga kuma zafi, domin injin da iska kaɗai take sanyaya shi, wanda yake juyi dubu 7 ko 8 a minti idan an matsa masa, yana dafa lita ɗayan nan fiye da yadda mota mai lagireto take dafa lita huɗunta.

Man motocin zamani kuwa an gina shi ne a kan rage shan fetur. Tun daga shekarun 1990 kamfanonin mai suka ƙara tsinka shi, suka kuma zuba masa sinadaran ƙara santsi, waɗanda mafi shahararsu suke ɗauke da molibdenam. Sinadaran nan suna shimfiɗa wani siririn rufi mai sulɓi a fuskar ƙarfe, abin da yake sauƙaƙa wa injin mota juyi. Idan rufin ya hau faifan kulochi, sifirin za su matse iya ƙarfinsu amma faifan su riƙa zamewa a kan juna, musamman a lokacin da ake buƙatar ƙarfi, wato a hawa, ko da goyo, ko da buhu a baya. Wannan shi ne ƙarar da ɗanka yake ji ba tare da gudu ba. Zamewa tana haifar da zafi, zafi yana ƙona fuskar fatar ta yi ƙyalli, fata mai ƙyalli kuma tana ƙara zamewa, don haka duk ranar da aka ƙara a kan wannan man ana matsawa ne daga matsalar da juye zai magance zuwa wadda sai an sayi kaya.

Wannan matsalar ce ta sa masu ƙera babura na Japan suka nemi ma'auni na musamman, kuma a 1998 hukumar tsara ƙa'idojin motoci ta ƙasar, wadda ake taƙaita sunanta da JASO, ta fitar da ma'aunin T 903 na man babura masu injin bugu huɗu. Ana gwada man a kan na'ura mai faifan kulochi, a auna yadda yake riƙewa yayin da faifan suke juyawa, da yadda yake riƙewa a tsaye, da tsawon lokacin da faifan suke ɗauka kafin su kama gaba ɗaya. Man da ya nuna riƙo mai kyau ana ba shi MA, wanda santsinsa ya yi yawa kuma ana ba shi MB. A 2006 aka raba MA gida biyu: MA1 na ɓangaren ƙasa, MA2 na ɓangaren sama mai riƙo sosai, wanda sakamakonsa ya ratsa ɓangarorin biyu kuma ya ci gaba da amsa sunan MA kawai. Dukkan ukun sun halatta ga kulochi cikin mai. Ga babur mai ɗaukar kaya da injin da yake jan tirela ni MA2 nake zaɓa, amma ba zan ce wa mutum ya zubar da MA ba idan shi ya samu. MB ne kaɗai ba na wannan aikin ba, duk da cewa hoton babur ne a jikin robarsa, kuma nan ne mutane da yawa suke faɗawa.

Ma'aunin bai tsaya a kulochi ba. Ya sa iyaka a kan yadda mai zai tsinke idan haƙoran giya sun niƙa shi, ya kuma tanadi sinadarin fosfaras mai kare ƙarfe daga cinyewa. Wani abin lura shi ne, tun daga 2004 ƙa'idar man motoci masu tsimin fetur ta hana fosfaras wuce kashi 0.08 cikin 100 don kare na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, alhali a ma'aunin babura wannan adadin shi ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa. Inda man mota ya tsaya, nan na babur ya fara.

Saboda haka idan ka je saye, ka juya robar ka karanta bayanta, kada gabanta ya ɗauke maka hankali. Abu na farko da za ka nema shi ne JASO MA ko MA2. Man da aka yi wa rajista a Japan yana ɗauke da wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu, da harafin ajinsa a ciki da lambar rajista a sama, wadda take farawa da M, sai lambobi uku na kiran wayar ƙasar da kamfanin yake, sai haruffa uku, sai wasu lambobi uku. Akwai mayuka nagari da ba su yi rajistar ba, sai dai su rubuta cewa sun cika sharaɗin MA2. Daga sanannen kamfani ina karɓar wannan, daga robar da ban taɓa jin sunanta ba kuwa ba na karɓa. Abu na biyu shi ne zagayayyen tambarin API, wato cibiyar man fetur ta Amurka. Idan a rabinsa na ƙasa ka ga an rubuta "Energy Conserving" ko "Resource Conserving", ka mayar da shi kan kanta. Littattafan baburan Honda sun ambaci waɗannan kalmomin ƙarara suka hana, na Yamaha ma sun yi gargaɗi irin wannan saboda zamewar kulochi. Ka duba galan ɗin da ya yi maka saura, ina kyautata zaton za ka ga ɗaya daga cikinsu. Haruffan SG, SJ, SL, SM, SN da SP kuwa zamanin ingancin man suke nunawa, SL na 2001 ne, SN na 2010, SP na 2020, kuma ba su cewa komai game da kulochi. SL mai MA2 ya fi SP marar shi amfani a injinka.

Na san abin da ɗan acaɓa zai ce idan ya karanta wannan: shekara nawa yana zuba man mota 20W-50 kuma kulochinsa bai taɓa zamewa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ba zan ƙaryata shi don in ci gardama ba. Tambarin tsimin fetur a kan tsinkakkun mayuka ake samunsa, irin 0W-20 da 5W-20 da 5W-30 da 10W-30, shi kuwa 20W-50 na mota galibi ba a cika masa sinadaran santsi ba, shi ya sa ake tsira da shi. Sai dai tsira daban, tabbaci daban: ba a gwada shi a kan faifai ba, kuma kamfani yana iya sauya haɗinsa gobe ba tare da ya sanar da mai babur ba, tunda ba don shi ya yi ba. Idan tafiya ta kama mutum a ƙauye mai ya yi ƙasa, ya ƙara da 20W-50 na mota ya fi ya yi tafiya da injin a bushe nesa ba kusa ba, amma ya juye idan ya iso gari. Haka hukuncin man manyan motocin dizal 15W-40 yake: wasu kamfanoni sun gwada nasu sun rubuta JASO MA a jiki, wanda ya rubuta a yi amfani da shi, wanda bai rubuta ba kada a yi masa zato. Kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi a gareji cewa man sintetik ne yake kashe kulochi. Ba haka ba ne. Sintetik bayani ne a kan tushen man, kuma tushen ba ya sa zamewa. Sinadaran da aka zuba a kai ne suke sawa. Sintetik mai MA2 ya fi kowane mai jure zafi, tsadarsa ce kawai abin dubawa. Abin da nake hanawa baki ɗaya shi ne 'yan gwangwanayen nan na ƙarin magani masu kauri kamar zuma da ake tsiyayawa a cikin mai wai don injin ya yi shiru ko ya daina hayaƙi. Wasunsu molibdenam ne ko makamancinsa a tattare, wato ainihin abin da muke gudu, a zuba shi da hannu.

Sai batun kauri, wanda shi ne mataki na biyu bayan JASO. Lambar da take gaban W tana nuna yadda man yake gudana da sanyi, ta bayan kuma kaurinsa ne idan ya kai digiri 100. A wannan zafin, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5 a ma'aunin kauri, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. A nan Gombe, inda zafin Maris da Afrilu yake taɓa digiri 40, lambar baya ce ta fi damunmu, domin sanyin hunturunmu bai kai ya daskarar da 20W ba. Ga Boxer ɗinka, 20W-50 mai MA ko MA2 shi ne abin da Bajaj ya saba nunawa, kuma ya dace da injin da iska take sanyayawa. Amma kada a mayar da 20W-50 maganin kowace cuta. Honda ta daɗe tana nuna 10W-30 ga baburanta, kuma injin da aka tsara hanyoyin mansa don tsinkakken mai ba ya samun ƙarin kariya don an cika shi da mai kauri, sai dai nauyin juyi da ƙarin shan fetur, da jinkirin isar mai saman injin a tashin farko na safiya. Ka lura cewa 10W-30 na babur da 10W-30 na mota lambarsu ɗaya amma halinsu a kan faifai ya bambanta, wanda ya nuna cewa lambar kauri ba ta maye gurbin tambarin JASO. Shi kuma SAE 40 mai lamba ɗaya, wanda ya cika kasuwanninmu saboda araha, ba ya zamar da kulochi a yawancin lokuta, amma da sanyin safiya yana da nauyi har giya ta riƙa cijewa, kuma da yawansa tsohon haɗi ne mai ƙarancin sinadaran wanke injin.

Babur mai ƙafa huɗu shi ne inda ake buƙatar natsuwa, domin ba duka ne ginin cikinsu ɗaya ba, kuma ganin bel yana ruɗar har da bakanikai. Grizzly ɗinka yana tafiya da bel a cikin busasshen gida a gefen injin, wanda ba a son mai ko ruwa ya shiga. Mai kallo sai ya ce tunda bel ne, babu ruwan baƙin mai da kulochi. Amma a tsarin Yamaha, bayan wannan gidan, a cikin injin, akwai wani kulochi mai takalma da suke buɗewa da ƙarfin juyi su kama ganga, kuma a cikin baƙin man injin yake wanka. Shi ne yake ɗaukar nauyin tashi daga tsaye, don bel ɗin ya zauna a ɗaure kullum kada ya ƙone. Nauyin tashin da kake ji idan tirela tana baya daga nan yake fitowa. Suzuki KingQuad ma haka tsarinsa yake. Yawancin Honda FourTrax masu giyar ƙafa ko ta maɓalli suna da kulochi har biyu a cikin mai, na tashi da na sauya giya. Polaris Sportsman da Can-Am Outlander kuwa kulochinsu a wurin bel yake a bushe, man injin ba ya taɓa shi, don haka a wurinsu kaurin da kamfani ya nuna shi ne abin bi, kamar 5W-50 da Polaris take sayarwa don injinanta. Duk wanda ya sayi irin wannan na'ura ta hannu babu littafi, tambayar farko da zai nemi amsarta ita ce inda kulochinta yake zaune, kuma idan bai samu tabbaci ba ya zuba MA2, domin ba ya cutar da injin da kulochinsa yake a bushe, alhali kuskure ta ɗaya ɓangaren yana da tsada.

Ga naka, 10W-40 mai MA2 nake ba da shawara idan mai lagireto ne, idan kuwa ƙaramin nan ne da iska da mai suke sanyayawa, ko injin ya kwana biyu, 20W-50 zai fi zama da shi a bazara. Aikin gona ya fi tafiyar titi wahalar da mai, saboda injin yana aiki da ƙarfi a tafiyar da ba ta kawo iska, kuma awa biyu a cikin fadama ba za ta nuna komai a mitar kilomita ba. Shi ya sa ake lissafin juyensu da awa. A littattafan Honda da yawa awa 100 ne ko kilomita 1,000, duk wanda ya riga, kuma a ƙura da laka ana ragewa. Idan za ka ja tirela ka sa giyar L, wato ƙaramar giya ta jan kaya, kada ka tashi da H, wato babbar giya ta gudu, domin ko da man da ya fi kowanne kyau, tashi da kaya a H yana sa takalman nan su daɗe suna gogar ganga kafin su kama. Ka kuma sani cewa gidajen giyar ƙafafun gaba da na baya suna da nasu man daban, man giya ne mai kauri irin 80W-90, ba baƙin man injin ba, kuma wasu ƙirar suna da birki a cikin man gidan baya, wanda yake buƙatar mai na musamman da kamfani ya ambata.

Ruwa ma abokin gaba ne a wurinku. A wata damina an kawo mini irin wannan babur daga wata gona a bakin kogin Gongola, mai shi yana cewa ƙarfinsa ya ragu. Da na zare geji, abin da ya biyo shi fari ne kamar shayi mai madara da yawa, yana kumfa. Yaran gona sun ratsa ruwa da shi har ya kai kujera, suka ci gaba da aiki kwana huɗu. Sai da muka juye sau uku a jere, kowane karo a bar injin ya yi zafi, kafin man ya fara fita da launinsa. Duk ranar da aka ratsa ruwa mai zurfi a duba geji kafin a kwana, a kuma buɗe 'yar mafitar ruwa da take ƙasan gidan bel, domin jiƙaƙƙen bel ma yana zamewa, har a ɗora wa kulochi laifin da ba nasa ba.

Tunda gida ba ya rasa wasu baburan, bari in taɓa su a gurguje. Roba-roba ba shi da hannun kulochi, amma yana da kulochi a cikin mai, don haka MA yake so. Sukuta mai bel wanda ba a sa masa giya kulochinsa a bushe yake a baya, shi ne aka yi wa MB. Jincheng mai bugu biyu yana ƙona man 2T tare da fetur, wanda ajinsa FB ko FC ko FD ne, amma giyabos ɗinsa da kulochi suna da nasu man, kuma a nan ma dokar hana santsi tana aiki. Keke Napep ƙirar Bajaj da TVS su ma kulochinsu jiƙaƙƙe ne.

Yanzu ga abin da za a yi. A tayar da kowane injin ya yi ɗumi, a kwance notin ƙasa a bar man ya tsiyaye sosai, a ɗan karkata babur ɗin don ragowar ta fita. A Boxer a wanke ragar tace mai, a Grizzly a sa sabuwar filta, domin tsohuwar tana riƙe da man motar. Kada a wanke cikin injin da kananzir ko fetur kamar yadda wasu suke yi; ragowarsu tana tsinka sabon man. A zuba MA2 daidai alamar geji, a yi tafiya mai sauƙi babu kaya kamar kilomita 200 zuwa 300, ko awa kaɗan ga na gona, sannan a sake juyewa. Wannan juye na biyu ba ɓarna ba ce, shi ne yake kwashe abin da faifan suka tsotsa. A lokaci guda bakanike ya duba wayar kulochin Boxer, domin idan an ɗaure ta tamau babu ɗan wasa a hannu, faifan ba sa zama gaba ɗaya, kuma alamar iri ɗaya ce da ta mugun mai. Ana son wasan kamar milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a sa giyar ƙarshe a tafiya mai sanyi a ɗan hawa, a buɗe totur gaba ɗaya. Idan injin ya yi nishi yana ƙara gudu sannu a hankali, kulochi ya kama. Idan ƙara ta tashi gudu bai biyo ta ba, to a buɗe.

Idan an buɗe, ka tsaya ka gani da idonka. Fatar da ta ƙone tana ƙyalli kamar madubi, tana kuma warin ƙauri, faifan ƙarfen da suka sha zafi kuma suna yin shuɗi-shuɗi, wani lokaci su lanƙwashe, abin da ake ganewa idan an kwantar da su a kan gilashi. Sifirin ma zafi yana rage musu tsawo, kuma sa sababbin faifai a kan gajiyayyun sifirin kuɗi ne za a kashe sau biyu. Sababbin faifan a jiƙa su a cikin man da za a zuba na wasu awanni kafin a ɗaura. Wata guda da aka yi ana hawa yana iya zama ya riga ya ƙona na Boxer, musamman idan ɗanka mai matsa totur ne. Kayan suna da araha kuma ko'ina akwai su. Na Grizzly ne ba a samu a kasuwar Gombe cikin sauƙi, don haka a ajiye tirelar har sai an yi juyen.

Saura inda za ka saya. Tambarin MA2 a jikin roba ba ya amfani idan abin da yake ciki ba shi ba ne. Man awo da ake tsiyayawa daga durom cikin gorar ruwa a bakin titi ba shi da suna balle ma'auni, wani ɗanyen tushen mai ne da ba a zuba masa sinadari ko ɗaya ba, wani kuma tsohon mai ne aka tace. Ka saya a gidan mai ko wurin dillalin kamfani, ka duba hatimin murfi da lambar haɗi, wanda aka haɗa a Najeriya kuma ka nemi tambarin MANCAP na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki. A buɗe robar a gabanka, idan an gama kuma ka huda ta, domin robobin da aka bari lafiya a gareji su ake tarawa a sake cikawa. Game da lokacin juye, abin da littafi ya faɗa an auna shi ne a kan hanya mai tsabta. Boxer da yake zirga-zirga tsakanin Dadin Kowa da Gombe da ƙurar hunturu, ni ba na barinsa ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000 a kan man da ba sintetik ba, kuma duk juye sai an wanke iyakilina, wato matatar iska, domin ƙurar da ta wuce ta cikin man take ƙarewa. Ɗanka ya riƙa duba geji duk mako, babur a miƙe a wuri mai daidai, tunda injin mai lita ɗaya idan ya rasa kofi guda ya rasa kaso mai yawa.

Ragowar 5W-30 ɗin kuma ka ajiye wa motar, can ne gidansa. Idan an yi juye na biyu Grizzly bai daina nauyin tashi ba, ka aiko mini da girman injinsa da shekarar ƙirarsa, waɗanda za ka samu daga lambar da aka buga a jikin firam, sai mu duba ko takalman kulochin ne suka cinye ko bel ɗin ne ya sirance.